Talabijin Ashirin da Uku a Aji Huɗu

Da safiyar Alhamis, ashirin da ɗaya ga watan Yuli, aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Minobuchi daga ƙaramar hukuma. Wani ma'aikacinsu ne ya hau tudu domin ya auna tsohuwar makarantar firamare da za a rushe bayan damina, sai ya tarar da aji guda cike da tsofaffin akwatunan talabijin.

Insfekta Kuramochi ya ajiye wayar, amma ya ɗan jima bai ɗauke hannunsa daga kanta ba. A makarantar nan ya koyi rubuta sunansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka rufe ta, tun da yaran kan tudun suka ƙare.

"Wani jujin aka kuma samu?" in ji Sajan Hiruta, wadda ta shekara shida tana aiki a ƙarƙashinsa ba ta taɓa iya riƙe bakinta ba. "Na huɗu ke nan a watan nan. Mutum zai sayi sabon talabijin na yen dubu ɗari, amma kuɗin sarrafa tsohon sai ya gagare shi."

Gaskiya ta faɗa. Ranar Lahadi mai zuwa da tsakar rana za a kashe tsohon sigina, akwatunan nan masu ƙaton baya ba za su ƙara kama hoto ba. Kowa yana neman rabuwa da nasa. Mai bin doka yana biyan kuɗin sarrafawa a shago, a manna wa akwatin tikiti mai lamba, a ba shi kwafi, sannan shagon ya kai shi wurin tara kaya. Wanda ba ya so ya biya kuwa, sai ya nemi kwazazzabo.

Sun isa makarantar kafin ƙarfe goma. Ƙwari suna ta tsuwwa a cikin gorar da ta cinye filin wasa. Kuramochi ya duba kwaɗon ƙofar. Ba a fasa shi ba.

A bakin shiga, inda ɗalibai suke cire takalma, silifas na cikin gida sun kai ƙafa hamsin a jere a kan katako, ƙura ta rufe su duka. Guda ɗaya kaɗai ne babu ƙura a jikinsa.

"Hiruta, kin taɓa ganin mai zubar da shara da ke cire takalmi kafin ya shiga?"

"Ban taɓa ba. Amma na taɓa ganin ɓarawon da ya bai wa mage abinci kafin ya fita."

A aji huɗu suka same su. Guda ashirin da uku ne, kowanne a kan teburinsa, fuskokinsu suna kallon allo kamar yara masu jiran malami. An goge gilasansu. An naɗe wayar kowanne a hankali, an ɗaure da zare. A gefen kowane akwati akwai shatar inda aka ɓare tikiti, an ɓare shi da haƙuri, ko ɗan ɓurɓushin takarda ba a bari ba.

"Ke nan an biya kuɗinsu," in ji Kuramochi. "Masu su ba su da laifi. Wanda ya karɓi kuɗin muke nema."

Hiruta ta tsaya gaban wani akwati mai launin goro, wanda aka manna wa hotunan furanni a kusurwa.

"Ranka ya daɗe, makon jiya wata tsohuwa ta zo da ƙorafi kan tikitinta. Orikasa-san, ta layin bayan wurin wanka. Ta ce nata yana da furanni."

Kafin la'asar suna zaune a kan tabarmar Orikasa Tomi, wadda ake ƙara wa "san" a suna don girmamawa, ta ajiye musu shayin sha'ir mai sanyi. Shekarunta saba'in da takwas. Sabon talabijin sirir yana jingine a inda tsohon ya bar shatarsa a bango.

Ta fito da kwafin tikitin daga cikin wata jaka, ta miƙa shi da hannu biyu.

"'Yata ce ta duba lambar a kwamfuta, ta ce har yau bai isa wurin tara kaya ba. Wata biyu fa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Insfekta-san. Shekara ashirin da biyu muna tare da akwatin nan. A gabansa mijina ya ci abincinsa na ƙarshe. Daren da za a ɗauke shi na goge shi, na yi masa godiya. An ce mini za a kwance shi, gilashinsa ya koma wani abu mai amfani. Shi ya sa na biya. Ban biya don a jefar da shi a daji kamar mushe ba."

"Ba a daji yake ba, Kaka, kuma ruwa bai taɓa shi ba. Yana aiki lokacin da kika ba da shi?"

"Ina fa. Tun farkon bazara hoton ya tsuke, ya koma layi guda a tsakiya. Murya kawai nake ji, kamar rediyo mai nauyi."

"Wa ya zo ya ɗauka?"

"Shinji, ɗan Nabeshima. Yaro mai ladabi." Ta yi dariya. "Na ce yaro, alhali furfura ta fara cin kansa."

Kuramochi ya dubi tikitin. Jan hatimin shagon Nabeshima yana nan ɓaro-ɓaro. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ƙarasa shayinsa ba.

Babu wanda ya tashi a Minobuchi da bai san shagon ba. Lokacin da Kuramochi yake ɗan shekara tara, gida uku ne kacal suke da talabijin a garin. Nabeshima Genzo, wanda a lokacin saurayi ne mai fensir a bayan kunne, yakan juya akwati guda ya fuskanci titi idan ana kokawar sumo. Yara su cika gaban gilashin shagon, manya su tsaya a baya da kekunansu. Idan ruwa ya sauko, ya buɗe ƙofa ya ce a shigo, amma kada wanda ya taɓa komai.

Yanzu rabin shagunan layin kasuwar a rufe suke. Na Nabeshima yana nan ne saboda tsofaffi sun yarda da shi. Kuramochi ya san abin da hatimin nan yake nufi. Idan ta tabbata shagon yana karɓar kuɗin mutane ba ya kai kayan, kamfanoni za su daina ba shi kaya, garin kuma ba zai manta ba. Shagon yanzu da sunan Shinji yake, kuma a kansa komai zai faɗo.

Sun tarar da Shinji yana cike takardu a kan kanta. Genzo yana zaune a kujerar kusurwa, mafici a hannunsa, shekara saba'in da tara sun rage masa tsawo.

"Tetsu," in ji tsohon. Shi kaɗai ya rage a garin da ke kiran insfektan da sunan yarinta. "Ka zo ka biya gilashin da ka shafe mini da majina shekara hamsin da suka wuce?"

"Na zo aiki ne, Baba."

"To, zauna ka yi aikin. Tsayuwarka tana tare mini iska."

Kuramochi bai zauna ba. Ya ajiye tikitin a gaban Shinji.

"Ina ka kai akwatin Orikasa-san?"

"Wurin tara kaya, inda nake kai duka."

"Yaushe?"

"A makon da na ɗauko shi. Kwanakin nan kaya sun yi yawa, wataƙila su ne ba su shigar da lambar ba."

"Ina kayan suke kwana kafin a kai su?"

"A sito, nan baya."

"Wa ke da makullin?"

Shinji ya gyara takardun gabansa. "Ni."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Hiruta ta juya wajen tsohon. "Genzo-san, kai ba ka leƙa siton?"

"'Yata, dubi hannun nan." Ya ɗaga shi, yana rawa. "Shekara uku rabona da sukundireba. Idon ma ya tafi. Jiya na gaishe da firiji, na ɗauka matar mai gidan wanka ce."

Hiruta ta ƙyalƙyale da dariya. Kuramochi kuwa hannun yake kallo. A gefen babban yatsan akwai sabon ƙuna, ɗan ƙarami, zagayayye. Ya gani, ya kawar da kai, ya gaya wa kansa cewa butar shayi ma tana ƙona mutum.

Ranar Juma'a da safe wurin tara kaya suka aiko da amsa. Tun daga watan Mayu, tikiti ashirin da uku na shagon Nabeshima ba su iso ba. Firiji da injin wanki duk sun iso, haka ma yawancin akwatunan talabijin. Waɗannan ne kawai suka ɓace a hanya.

Aka kira Shinji ofis. Da aka shimfiɗa masa takardar, ya karanta ta sau biyu, ya cire tabaransa, ya sunkuyar da kai.

"Ni na yi."

"Don me?"

"Wurin yana da nisa. Ga tsadar mai."

"Ka kai firiji, wanda ya fi nauyi, amma talabijin ya gagare ka?"

"Haka dai ta kasance."

"A wane aji ka zuba su?"

"Na... na ƙasa. Na kusa da ƙofa."

"Guda nawa?"

"Ga shi nan a takardarku."

"Ina ka samo makullin makarantar?"

"Na fasa kwaɗon ne."

Kuramochi ya rufe littafinsa. Aji huɗu yana saman bene, kwaɗon kuma lafiyarsa ƙalau. Amma mutum ya amsa laifi da bakinsa, hatiminsa yana kan takardu, shugaban ofis kuma yana son ya nuna wa 'yan jarida cewa ana aiki. Aka riƙe Shinji, aka ce ranar Litinin za a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara. Ranar kuma ƙaramar hukuma za ta aiko da mota ta kwashe akwatunan.

"Ƙarya yake yi," in ji Hiruta a baranda.

"Na sani."

"Ka kuma san don wa yake yi."

"Tsohon ba zai iya ɗaga kilo arba'in zuwa saman bene ba. Nemo mini wanda ya ɗaga."

Ba ta sha wahala ba. Wata mai gonar shayi a gindin tudun ta ce kowace Laraba tana ganin akori-kurar Kanamaru tana hawa. Kanamaru ɗan gwangwan ne, mai yawo layi-layi da lasifika yana cewa a kawo tsofaffin kaya. Abin da ya ba matar mamaki shi ne, idan ya zo hawan tudun sai ya kashe lasifikar.

Sun same shi a filinsa yana kwance bayan wata na'urar sanyaya ɗaki, tawul a ɗaure a goshi.

"Tudu? Me zan je yi a tudu? Can ko biri ba ya da talabijin."

"An gan ka Laraba huɗu a jere."

"Farar akori-kura nawa ce a garin nan? Limamin haikali ma yana da irinta, ku je ku tambaye shi."

"Tasa ba ta da lasifika," in ji Hiruta. "Kanamaru-san, nuna mini takardar izininka ta karɓar na'urar nan da kake kwancewa."

Ya ajiye sifana. Ya cire tawul ɗin ya share wuyansa.

"Dako kawai na yi. Na rantse ban karɓi kuɗin kowa ba sai ladan dako."

"Wa ya sa ka?"

"Shagon Nabeshima. Laraba suke hutu. Ina zuwa ƙofar baya in tarar da kaya da makulli da ambulan. Ban ga fuskar kowa ba."

"Ba ka ga fuskar kowa ba, amma ka san ajin da za ka kai su?"

"An rubuta a takarda. An ce in ɗauke su kamar jarirai, kada in ja su a ƙasa, kuma in cire takalmi. Ni da nake jefa firiji daga kan mota. Da safa na riƙa hawa benen nan, sau biyu na kusa karya ƙugu."

"Da safa? Ba ka sa silifas ba?"

"Ƙafata za ta shiga silifas ɗin yara? Dube ta fa."

Kuramochi ya duba. Ƙafar Kanamaru ta kusa tsawon bulo. Ke nan akwai wani mai ƙaramar ƙafa da yake zuwa makarantar bayan an gama dako.

"Ina takardar?"

"Na ƙona." Kanamaru ya kawar da kai. "Insfekta-san, ni ma a gaban gilashin shagon nan na girma. Kada ka ƙara tambayata."

Ranar Asabar da hantsi suka koma aji huɗu domin su rubuta lambar kowane akwati. Ba a yanke wa makarantar wuta ba, saboda har bara a zaurenta mutanen tudu suke jefa ƙuri'a. Zafi ya ishi Hiruta, ta je neman inda za ta jona 'yar fankarta, sai ta tarar da doguwar waya sabuwa a naɗe a bayan teburin malami, da wata kuma da ta sauko ta taga daga tsohuwar eriyar kan rufi.

"Bari mu ga ko za mu samu labarai," ta ce, ta jona akwatin mai furanni.

Ya yi 'yar ƙara, gilashin ya yi haske a hankali. Wata mata ta bayyana tana yanka kabeji, hoton ya cika fuskar akwatin tas, launi ya zauna daram.

Suka tsaya suna kallo.

"Kaka ta ce layi guda ya rage," in ji Hiruta.

"Kashe shi. Ba ni sukundireba daga mota."

Kuramochi ya kwance murfin bayan da kansa, ya juya shi wajen taga. A cikinsa akwai rubutun fensir, layi bisa layi. Kwanan wata, sannan abin da aka gyara. Na farko ya shekara goma sha tara, ya dusashe. Na biyu da na uku sun biyo baya. Duk gidan da Genzo ya taɓa yi wa gyara sun san wannan ɗabi'a tasa: ba ya mayar da murfi sai ya zaro fensirin bayan kunnensa ya rubuta.

Layin ƙarshe baƙi ne wuluk, haruffan suna rawa. Sha uku ga Yuli, wannan shekara. An sake dalma a layin hoto.

"Kwana goma da suka wuce," in ji Hiruta a hankali. "Wata biyu bayan an karɓe shi a hannunta. Ko Shinji ne?"

"Shinji sayarwa ya iya. Ko fitilar hannu ta mutu, sabuwa yake ba ka."

Suka buɗe guda shida. Duk haka suke. Kowanne tsohon ne ya sayar da shi tun asali, kowanne yana ɗauke da tarihinsa a ciki, kowanne kuma an gyara shi bayan an biya kuɗin rusa shi.

"Ya ɓare tikiti don kada a gane shi, amma ya bar rubutunsa," in ji Hiruta.

"Bai san ya rubuta ba. Hannunsa ne ya yi." Kuramochi ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya. "Gobe da safe zan je in ɗauko shi."

"Me zai hana yau?"

Ya ɗauki sukundireban ya nufi ƙofa, ita kuma, karo na farko a shekara shida, ba ta sake tambaya ba.

Ranar Lahadi ƙarfe goma sha ɗaya suka tarar da shagon a rufe. Matar Shinji, idanunta a kumbure, ta ce surukinta ya fita tun da sassafe ya hau motar haya mai zuwa gindin tudu, sanye da rigarsa ta aiki.

Tun daga filin wasa suka jiyo muryoyi. An ɗage zaren da 'yan sanda suka gitta a ƙofa, an naɗe shi an rataye a ƙusa. Kuramochi ya cire takalmansa ya hau benen.

Duka ashirin da ukun suna kunne. Genzo yana zaune a kujerar malami, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ka makara, Tetsu. Dā ma kullum kai ne na baya, sai ka zo kana ture ƙanana."

"Baba, ɗanka ya kwana biyu a tsare."

"Na sani."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Zauna. Saura minti goma sha biyu."

Kuramochi ya dubi agogo. Ya ja 'yar kujerar ɗalibi ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Hiruta ta tsaya a bakin ƙofa da littafinta.

"Ina ka samu makulli?"

"Shugaban makaranta ya ba ni, shekara arba'in da suka wuce, don in riƙa gyara lasifikar taro. Babu wanda ya ce in maido. Eriyar can ma ni na kafa ta. Ranar da aka kunna talabijin na farko a ajin nan, wata yarinya ta zagaya bayansa tana neman mutanen."

"Kuɗin mutane fa?"

Tsohon ya tura masa wani gwangwanin biskit da ƙafa. A ciki akwai ambulan ashirin da uku, kowacce da sunan mai ita da tikitinta.

"Ban taɓa ko yen ɗaya ba. Na ce wa Shinji na samu mai dako da zai riƙa kai masa wasu, ya huta. Ya yarda, don bai taɓa jin na yi ƙarya ba. Gobe na yi niyyar in mayar da tikitin a jikinsu, a kai su."

"To don me?"

"Na taɓa zuwa masana'antar da ake kwance su. Aiki ne mai kyau, ba na kushe shi. Gilashi gefe, jan ƙarfe gefe. Kuɗin da mutane suke biya ba a banza yake tafiya ba. Amma na dubi sitona, na ga wancan na gidan mai tofu, wato awara, ni na kai shi a bayan keke ranar da aka haifa masa 'ya. Wancan na mai aski ne, garin nan duka sun kalle shi da kumfa a fuska. Yawancinsu ɗan abu kaɗan ya same su. An ce ranar Lahadi da tsakar rana aikinsu zai ƙare. Na ce to, su kai ranar a tsaye. Ma'aikaci ya kamata ya ga ƙarshen aikinsa, ba a fitar da shi ta ƙofar baya saura wata biyu ba."

"Ka karɓi kuɗi a kan alkawarin da ba ka cika ba. Ka shiga ginin hukuma ba izini. Wannan duk mai sauƙi ne, alƙali zai duba shekarunka. Amma ranar Alhamis ka zauna kana fifita, ɗanka yana yi mini ƙarya saboda kai."

Genzo ya sauke idonsa kan gwangwanin.

"Da ka ajiye tikitin nan a kan kanta, ya juyo ya dube ni sau ɗaya. A nan ya gane. Ranar Juma'a na sa takalmi har sau biyu zan zo wurinka. Sai in ce a raina, kwana biyu ne kawai, Shinji yana da ƙarfi." Ya juya wajen Hiruta. "Na zaɓi akwatuna a kan ɗana na kwana biyu. Rubuta wannan, 'yata. Shi ne laifin. Sauran duk ƙari ne."

Hiruta ta rubuta.

A fuskokin akwatunan, masu gabatar da shiri sun jeru suna godiya, suna sunkuyawa. Da agogo ya cika sha biyu, hotunan suka ɗauke a tare, gilasai ashirin da uku suka koma shuɗi, da rubutun sanarwa a kai. Hasken ya kwanta a kan tebura da silin.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya gyara rigarsa, ya sunkuya musu har ƙasa.

"Sannunku da aiki," ya ce.

Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Kuramochi bai hana shi ba, bai kuma taya shi ba. Da ya gama, ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan teburin malami, ya miƙo hannuwansa biyu.

"Sauke hannunka, Baba. Riƙe ƙarfen bene da su."

Hiruta ta buga waya ofis ta ce a shirya takardar sakin Shinji. Suka sauka a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya. A mota, Kuramochi ya zauna kusa da shi a baya.

Da suka iso gindin tudu, inda hanya ta rabu biyu, insfektan ya taɓa kafaɗar Hiruta.

"Bi ta bakin kogi. Babu mutane a can."

"A'a," in ji Genzo. "Ta layin kasuwa."

"Baba, yau Lahadi. Kowa yana waje."

"Shi ya sa. Kwana biyu garin nan yana cewa Shinji ɓarawo ne. Idan kuka sake shi a ɓoye, kuka shigar da ni a ɓoye, haka za su ci gaba da faɗa har ya mutu. Bi ta kasuwa, 'yata, kuma kada ki yi sauri."

Hiruta ta dubi insfektan ta madubi. Ya gyaɗa mata kai.

Motar ta shiga layin kasuwa a hankali. Mai tofu ya fito bakin shagonsa da ludayi a hannu, mai aski ya bar wanda yake yi wa aski. Genzo ya sauke gilashin tagar har ƙasa, ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa waje yadda kowa zai gan ta.